Gonar da muka sare daji muka yi ta gaji cikin shekara biyar

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya ya aiki. Ka ɗan ba ni fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci min rai, wato yadda muke sare daji muna mai da shi gona sannan mu dawo muna kuka wai ƙasa ta mutu.

Ni ɗan manomi ne. Akwai wani daji a bayan garinmu da muke zuwa kiwo muna yara, kirya da marke da ɗorawa ne cike, in ka tona ƙasar wajen da hannu baƙa ce wuluk, ga laushi ga tana, har ƙamshi take in an yi ruwan farko. Aka raba shi gonaki, masu gawayi suka fara da kiryar, mu ma mun samu kaso. Shekarar farko wallahi masarar da muka ɗiba ko buhu ɗaya na taki ba mu sa ba, ta biyu ma haka, kowa na ta murna. Zuwa shekara ta biyar ƙasar ta yi fari fat ta koma rairayi, ruwa in ya sauka ba ya shiga sai ya kwashe ta ya yi kwari, ga wuta-wuta ta cika dawa, kuma duk manomi ya san in ka ga wuta-wuta ta yi yawa to gona ta gaji kenan.

Wannan baƙin da muke gani a ƙasar daji ganye ne da saiwa da kashin dabbobi da suka ruɓe shekara da shekaru, shi ne masana ke cewa sinadarin kabon na cikin ƙasa. Shi ke riƙe danshi, shi ke riƙe takin da ka zuba kar ruwa ya wanke shi. In aka sare bishiya aka yi ta huɗa rana na dukan ƙasa tsirara, sai ya narke ya tashi sama ya zama iskar da ke ƙara ɗumamar yanayi. Masu bincike sun nuna daji in ya koma gona ƙasar kan yi asarar wajen kashi 40 cikin 100 na kabon ɗinta, kuma abin da ya ba ni mamaki, kabon da ke kwance cikin ƙasar duniya ya fi na sararin sama da na duk tsirrai in an haɗa su.

Da can iyayenmu suna barin saura, gona ta huta shekara uku ko huɗu, kuma Fulani su zo su kwana da shanu a gona da rani a ba su hatsi. Yanzu ina filin barin saura? Mutane sun yi yawa, burtali ma an nome shi, kara da harawa duk mun kwashe mun sayar, ɗan abin da ya rage mu cinna masa wuta da bazara. To me zai koma cikin ƙasar? Yuriya da NPK shuka suke ciyarwa, ba sa mayar da wancan baƙin, ga tsadar buhu yanzu sai wane da wane.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun ga irin wannan bayan farin shekarun 1970 da 1980, sai suka daina tumɓuke kututture, in sabara ko kalgo ko gawo ya toho a gona sai su rage rassan su bar masu ƙarfi su girma. Da haka aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar ba tare da dashe ba. Shi gawo ma ai da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, kuma kowa ya san geron ƙarƙashinsa ya fi na sauran gona kyau.

Roƙona ga gwamnatocin jihohinmu da masu sarauta, kafin a sake yanka wani daji a raba a tura malaman gona su duba ƙasar tukuna, kuma duk wanda aka ba gona a sa masa sharaɗin barin itatuwa a ciki. Ni dai bana na bar gawo bakwai da suka toho a gonar tamu, kuma na hana yara ƙona karan.

Naka,
wani manomi daga kudancin Katsina