Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau: a kafa waƙafin tsare jama'a daga haɗarin nukiliya da annoba

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma, na zo da wata magana da ba kasafai ake kai ta fada ba, tunda ba rikicin gona ba ce, ba ta naɗin sarauta ba ce. Maganar kuɗin da ake kare jama'a da su daga haɗarin kayan nukiliya da ɓarkewar annoba ce: su wa ke bayarwa, me ya sa suke janye jiki, wa kuma zai ɗauki nauyin in sun tafi. Na rubuta ta a fili ne don attajiran da nake roƙon a kira su fara jin ta tun yanzu.

Ranka ya daɗe, da yawa daga mutanen cikin birni da Tudun Wada da Sabon Gari ba su san cewa tukunyar nukiliya ɗaya tilo da Najeriya ta mallaka a ƙasarka take ba. Tana Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da CERT. Ƙirar ƙasar Sin ce, an kunna ta a watan Fabrairun 2004 da ƙarfin kilowat 30 kacal. Ba don lantarki aka yi ta ba. Aikinta a saka mata ɗan garin ƙasa ko dutse ko hatsi, a gano sinadaran da ke ciki, a kuma koyar da ɗalibai. Sai dai man da aka fara zuba mata yuraniyom ne da aka tace ya kai kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake haɗa bam da shi. Kimanin kilo ɗaya ne, bai isa bam ba ko kusa, amma a shekarun da Boko Haram ke tashe wannan kilo ɗaya ya hana manyan ƙasashe barci. A 2018 Amurka da Sin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya suka haɗu da masananmu, aka sauya man da wanda tacewarsa kashi 13 ce, aka ɗauki tsohon zuwa filin jirgin Kaduna, a watan Disamba aka mayar da shi Sin. Ghana ta riga mu yin haka da shekara ɗaya.

Aiki ya yi kyau, masananmu sun fita kunya. Amma a lura da abu guda: kuɗin waje sun zo da gudu ne saboda abin da ake tsoro yana iya tsallaka teku ya same su a gida. Ban ga laifinsu ba, kowa nasa yake karewa. Haɗarin da ya rage mana shi ne wanda ba ya tsallaka teku, wanda in ya tashi ɗan gwangwan zai kashe a bayan kasuwa, ko mai figar kaji, ko nas ɗin da ta fara taɓa majinyaci. Wannan babu wanda zai turo jirgi dominsa.

Mai Martaba ya yi jakadancin Najeriya a Tailan, don haka daga can zan kawo misali. A farkon shekarar 2000, a lardin Samut Prakan kusa da Bankok, wasu masu tsintar ƙarafa suka samu kan wata tsohuwar na'urar gashin ciwon daji da aka yasar a wani fili babu mai gadi. Suka kai shi wurin mai sayen ƙarfe, aka sa masa wutar walda aka tsaga, ƙwayar kobalt mai fitar da tiririn nukiliya da ke ciki ta faɗo cikin tarkace ba wanda ya sani. Sai da mutane suka fara amai, fata na ƙonewa, gashi na zubewa, sannan likitoci suka gane abin da ake ciki. Mutum goma suka sha tiririn sosai, uku suka rasu. Akwai alamar gargaɗi a jikin ƙarfen, waccan mai kama da fanka mai fikafikai uku, amma ba su san ma'anarta ba, rubutun kuma ba da harshensu aka yi ba. Irin wannan ne ya sa a 2007 aka ƙaro sabuwar alama mai ƙoƙon kai da mutum yana gudu.

To, a dubi yaranmu 'yan jari bola. Yaro ne da buhu a kafaɗa ko baro a gaba, da ɗan maganaɗisu ɗaure a igiya, yana bin lungu-lungu. In ya tara ya kai wa ubangidansa, a ɗora a sikeli, a biya shi da kilo. A wannan sana'a duk abin da nauyinsa ya fi girmansa murna ake yi da shi, don ana sa ran dalma ce ko jan ƙarfe. Kuma kwanson da ake killace irin waɗannan sinadarai da dalma ake yawan yin sa, nauyi gare shi matuƙa. Ke nan abin da ya fi kisa shi ne zai fi burge yaron. Kada a ce abin ya yi mana nisa. Asibitocin da ke gashin daji suna amfani da irinsu, masu gina hanya suna auna ƙarfin kwalta da su, masu haƙar mai suna zura su a rijiya. Hukumar da ke ba su lasisi, NNRA, ba ta fara aiki ba sai 2001, alhali an daɗe ana shigo da su kafin nan. A ƙarshen 2002 wasu sun ɓace daga hannun wani kamfanin aikin mai a yankin Neja Delta, daga baya aka tsince su a Jamus cikin lodin tsoffin ƙarafa.

Ta fuskar annoba kuwa, tarihi a ƙofar gidanmu ya faru. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara bayyana a nahiyar Afirka ne a wata gonar kaji a Jaji, nan kan hanyar Kaduna. Kaji sun fara mutuwa a watan Janairun 2006, ba a tabbatar da cutar ba sai 8 ga Fabrairu, bayan an kai samfur har birnin Padua na Italiya. Kusan wata guda ke nan cuta tana yawo a kejin 'yan kasuwa. Da gwamnati ta zo kashe kaji ta sa diyyar naira 250 kan kowace kaza, wanda bai kai kuɗinta a kasuwa ba, sai mai kiwo ya ga gara ya yi shiru ya sayar da sauran kafin su mutu. Tun daga nan mun ga zazzaɓin Lassa yana dawowa duk rani, mun ga korona, mun ga mashaƙo ya ɗebi yara a Kano, mun ji ciwon saifar dabbobi ya ɓulla a Suleja a 2023.

Zariya ba ta rasa masana ba. Ga Tsangayar Likitancin Dabbobi, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da Asibitin Koyarwa a Shika, ga cibiyar binciken cututtukan da aka yi watsi da su wadda Bankin Duniya ya tallafa. Abin da ake rasawa ƙanƙane ne har kunyar faɗa yake yi. Na taɓa tsayawa a wani ɗakin gwaji, ba zan ce ko ina ne ba, an ɗauke wuta tun dare, janareto babu mai. Firizar da ya kamata ta zauna a digiri 80 ƙasa da sifili, lambar da ke fuskarta sai hawa take yi. Ma'aikacin ya hana kowa buɗe ta, ya aiki yaro a babur ya sayo ƙanƙara wurin masu sayar da ruwan leda, yana jera kuloli a ƙasa. Abin da ke cikin firizar nan jini ne da majina da aka bi rugage da ƙauyuka aka tattaro shekara da shekaru. In suka narke aikin ya tafi, kuma a irin wannan kiciniyar kwashe-kwashe ne kwalba ke fashewa a hannun mutum.

Allah ya taimaki Sarki, da ma wa ke cike irin wannan giɓi a duniya? Sau da yawa gidauniyoyin attajirai ne. A 2002, da za a kwashe kilo 48 na yuraniyom mai haɗari daga cibiyar Vinca ta Sabiya, ƙungiyar NTI, wadda attajiri Ted Turner da Sanata Sam Nunn suka kafa, ita ta ba da dala miliyan 5 na ɓangaren da gwamnatin Amurka ba ta iya biya ba, sannan aikin ya yiwu. Cibiyoyin yaƙi da shan inna da Gidauniyar Gates ta ɗauki nauyi, ma'aikatansu da tsarinsu aka jawo aka tare Ebola a Legas a 2014, aka tsaya a mutum 20 da suka kamu a ƙasar baki ɗaya, 8 suka rasu. Amma wannan kuɗi ra'ayin mai shi yake bi. Gidauniyar MacArthur, wadda mutanen ABU suka sani sarai saboda tallafin da ta ba jami'ar, ita ce kan gaba a masu ba da kuɗin tsaron nukiliya, sai ta sanar a 2021 cewa za ta bar fagen, ta kuma bar shi a 2023. Asusun kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto na FTX da ya yi ta alkawarin kuɗin shirin tarar annoba ya rushe dare ɗaya a Nuwamban 2022. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje. Babu ɗayansu da ya shawarci Zariya kafin ya yanke hukunci, kuma ba dolensa ba ne.

Namu attajiran ba marowata ba ne, wannan kam a faɗa. Alhaji Aliko Ɗangote ya gina wa ɗaliban ABU ɗakunan kwana, gidauniyarsa ta sa kuɗi a rigakafin yara a jihohin Arewa har da Kaduna. Alhaji Abdussamad Isyaka Rabi'u ya ba jami'ar naira biliyan 1 a 2021. Lokacin korona 'yan kasuwa sun tara biliyoyi cikin 'yan makonni. Allah ya saka musu. Sai dai kyautarmu ta fi son abin da ake gani: gini, allo mai suna, ranar buɗewa da 'yan jarida. Ko kuma mu jira sai gawa ta fara faɗuwa sannan hannu ya shiga aljihu. Aikin da nake magana a kai ba shi da ranar buɗewa. In ya yi nasara ba abin da zai faru, ba wanda zai ji labari. Shi ya sa ba ya samun mai so.

Roƙona shi ne Masarautar Zazzau ta jagoranci kafa waƙafi na musamman don wannan aiki. Ba gidauniyar rana ɗaya da za a tara a raba ba. Dukiya ce mai tsayawa, shaguna ko gidajen haya ko hannun jari, uwar kuɗi ba a taɓa ta, ribar ce za ta riƙa fita duk shekara. Da ita a sa wa firizojin ɗakunan gwaji sola da batir, a sayi sinadaran gwaji kafin su ƙare, a zuba wa malamin dabbobi mai a babur ya isa ruga ranar da aka kira shi. A ware wani abu don mai kiwon da ya fara kawo rahoto, kada gaskiyarsa ta zame masa asara. A ajiye na'urar hannu mai gano tiririn nukiliya a manyan wuraren sayen ƙarfe, mutanen CERT su koya wa iyayen gidan 'yan gwangwan amfani da ita da Hausa, a manna musu hoton alamun nan biyu da bayani cikin boko da ajami. Kuma, wannan na fi damuwa da shi, a ɗauki nauyin horar da masu gyaran na'ura. Muna da farfesoshi, amma na'urar miliyoyi takan kwanta shekaru saboda babu mai sauya mata ƙaramin abu.

Akwai inda bai kamata kuɗin ya je ba. Gadin tukunyar nukiliya da sa ido a kanta haƙƙin gwamnatin tarayya ne da hukumominta, kada waƙafi ya zame musu hujjar naɗe hannu. Kada kobo ya tafi taron otal a Abuja. Kada a biya binciken da zai ƙara wa ƙwayar cuta ƙarfi, ko tara ƙwayoyi masu haɗari a ɗakin da ba a gina shi don haka ba, ko da mai neman kuɗin ya zo da takardu masu kyau. Lissafin shiga da fita kuma a buga shi duk shekara kowa ya gani.

Wani zai ce me ya haɗa sarki da wannan. Amana ce ta haɗa su. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi kan yaran Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Ba kuɗin Turawa ne ya dawo da iyaye ba, sai da sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwa suka shiga gida-gida, har aka kai 2020 aka ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. Mahauci ba zai gaya wa baƙo mai farar mota cewa saniyar da ya yanka saifarta ta kumbura ba, amma zai gaya wa sarkin fawa. Ga kuma wata riba: gidauniyoyin waje da suka rage sun fi sauraron wanda ya zo da nasa a hannu, kuma shi ne ke iya cewa ga abin da garinmu yake buƙata.

Matakin farko ba ya cin kuɗi. Mai Martaba ya kira zama ɗaya a fada: shugaban jami'a, daraktan CERT, shugaban Tsangayar Likitancin Dabbobi, shugaban asibitin Shika, tare da sarkin fawa da shugabannin 'yan gwangwan da na masu kiwon kaji, su zauna a tabarma ɗaya. A tambayi kowa abin da aikin shekara guda zai ci, a rubuta. Kason da ya hau kan gwamnati a danƙa wa Iyan Zazzau, Shugaban Majalisar Wakilai Abbas Tajuddeen, da Gwamna Uba Sani. Sauran kuma Sarki ya aika wa attajiran Zazzau na gida da na waje da hatiminsa a kai.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.

Talakanka mai biyayya,
daga Samaru, Zariya.