Wasiƙa daga Damagaram kan haɗa launi da fure

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, ya kuma sanyin can? Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Ka ce ka dafa zoɓo ka shafa a takarda, da farko ja jawur, bayan 'yan makonni ya koɗe. Haka halinsa yake. Ruwan fure rini ne kawai, kafin ya zama fenti sai an kama launin an mayar da shi gari, kuma alif da kanwa ne ke wannan aiki.

Ka samu busasshen fure kamar giram 50, ka zuba a ruwa lita ɗaya, ruwan sama in da hali. Wuta kaɗan-kaɗan, wajen minti 40, kada ya tafasa da ƙarfi domin zafi na dusashe launi. Ka guji tukunya mai tsatsa, ƙarfe na mayar da rawaya ta koma ɗanyen kore mai duhu. Sai ka tace da ƙyalle.

Narkar da alif giram 10 a ruwan zafi ka juye ciki. A wani kofi ka jiƙa kanwa, ka bar yashinta ya kwanta, ka tsiyaye ruwan. Da sodar wanki (sodium carbonate) zalla ce giram 5 ya wadatar, amma kanwar da ake sayarwa a kasuwar Dole ƙarfinta ba ɗaya ba ne, don haka da ido ake awo. Cokali-cokali za ka riƙa zuba ruwan kanwar a cikin rinin kana motsawa. Kumfa zai taso sosai, shi ya sa ake son babban mazubi. Da ka ga ka zuba kumfa bai sake tashi ba, tsaya nan. In ka zarce, launin zai gurɓace.

Ka bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar da laka mai launi a ƙasa, ruwa garai-garai a sama. Tsiyaye, ƙara ruwa mai tsabta, a sake tsiyayewa har sau biyu, in ba haka ba gishiri zai fito fari-fari a kan zanen. A shanya a inuwa, a rufe da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, ya bushe ƙayau kafin a niƙa. Mai ɗanshi fumfuna yake yi.

Maɗaurinsa, wato abin da za ka kwaɓa garin da shi ya kama takarda, ƙaro ne, na ɗakwara ya fi: kashi ɗaya a ruwan ɗumi kashi biyu, da ɗan zuma don kada fentin ya tsage, da ɗigon man kanumfari.

Zoɓo kuwa, gaskiya ban ba ka shawararsa ba ga zanen da za a rataya. Yana haɗuwa da kanwa zai juye shuɗi-shuɗi ko toka-toka, rana kuma ba ta raga masa. Rawaya ce ke da riƙo: furen marigold da ɓawon albasa suna bayar da ita da kyau. In ja kake nema, karan dafi da dukawanmu ke rina fata da shi ya fi kowane fure. Baban rini kuma hanyarsa daban ce, kada ka ɓata alif a kansa.

Kowane launi ka haɗa, shafa shi a takarda, rufe rabi, ajiye a taga wata guda, sannan ka buɗe ka gwada ɓangarorin biyu. Ka aiko mini da hoton abin da ka gani.

A gaishe mini da uwargida da yara.

Naka amini,
daga Birni, Damagaram