Rahoton Kwamitin Laccoci na Shekara: Abin da Aka Gabatar da Gyaran da Ya Rage

'Yan uwa mambobi, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin yadda laccocin da ƙungiya ke shirya wa jama'a suka gudana a bana. Masana sun yi magana a fannoni uku da muka saba: al'amuran duniya, kimiyya, da zamantakewa.

Laccar da ta fi tayar da muhawara ita ce ta Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mai laccar ya fara da tsarin kwamitin: kujeru 15, biyar na dindindin a hannun Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa, sauran goma kuma Babban Taron Majalisar ke zaɓa su yi shekara biyu. Ƙuduri yana buƙatar ƙuri'u tara, kuma kada ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta hau kujerar naƙi. Da yawa daga cikin mahalarta sun zo da zaton cewa idan mai kujerar dindindin ta ƙaurace wa ƙuri'a, ƙudurin ya faɗi. Ba haka abin yake ba. Ya kawo misalin ƙuduri mai lamba 1973 kan Libiya a watan Maris na 2011, wanda ya samu amincewa da ƙuri'u goma duk da Rasha da Sin sun ƙaurace. A ganin kwamitinmu, wannan misali guda ya fi dogon bayani amfani, kuma irinsa muke so a riƙa kawowa.

A fannin kimiyya, laccar ɗumamar yanayi ce ta koya mana darasi babba. Malamar ta yi ta ambaton digiri 1.5 da ke cikin yarjejeniyar Paris ta 2015, wato iyakar ƙaruwar zafin da ƙasashen duniya ke ƙoƙarin kada a wuce, jama'a na sauraro shiru. Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, tsakanin asuba da azahar ai ana samun bambancin da ya fi haka nesa, mene ne abin tayar da hankali?" Tambayar ta nuna cewa an yi rabin laccar ba a fahimci ginshiƙinta ba. Adadin nan na ƙaruwar matsakaicin zafin duniya ne gaba ɗaya, ƙasa da teku, idan aka gwada da shekarun 1850 zuwa 1900, ba zafin wuni guda a wuri guda ba. Da ta kwatanta da jikin mutum, wanda idan ya tashi daga digiri 37 zuwa 38.5 ya kamu da zazzaɓi, nan take fuskoki suka sake. Ya kamata a ce da wannan aka buɗe laccar, kuma laifin kwamiti ne da bai zauna da ita tun farko ya ji yadda za ta fara ba.

Laccar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta tafi daidai. An bayyana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar RTS,S a 2021, sannan R21 a 2023, cewa sau huɗu ake yi wa yaro, kuma allurar ba ta ɗauke buƙatar gidan sauro. Ta zamantakewa kuwa, kan yawan mutanen duniya da ya kai biliyan 8 a Nuwamba 2022, lokaci ne ya ci ta, ba a kai ga tambayoyi ba.

Matsalar sauti ta dame mu a farkon shekara. Ƙarar nan mai huda kunne tana tashi ne idan lasifika tana bayan mai magana, domin makirfon yana sake ɗaukar abin da ta fitar. Tunda muka matso da lasifikokin gaba da teburin mai magana, suna fuskantar jama'a, ba ta sake tashi ba. Ana riƙe makirfon kamar tazarar taƙi guda daga baki, a kuma sa sabon batir kafin kowane zama, a ajiye wani a gefe. Naɗin murya ma ya gyaru bayan mun daina dogaro da wayar da aka ajiye a kan tebur, wadda ke kwasar tari da jan kujera, muka koma ɗauka kai tsaye daga na'urar haɗa sauti.

Hotunan majigi har yanzu da sauran aiki. Masana na zuwa da shafuka cike da ƙananan rubutu da jadawalin da aka tsara domin abokan sana'arsu, na layin baya ba ya iya karantawa, mai maganar kuma sai ya juya wa jama'a baya yana karanta allo. Lokacin tambayoyi shi ma kan koma wata laccar, mutum ya karɓi makirfon ya yi minti biyar bai yi tambaya ba. Rubuta tambaya a takarda ya rage wannan, ya kuma ba masu jin nauyin tashi a bainar jama'a damar tambaya, amma ya bar waɗanda ba sa rubutu a baya. Don haka za mu haɗa hanyoyin biyu.

Ga abin da kwamiti ke neman amincewarku a kai don baɗi. Mai lacca zai aiko da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya mako biyu kafin ranar, tare da kalmomin fanninsa, domin a daidaita fassararsu kafin a hau mumbari. Za a yi zaman gwaji da shi, inda wani mamba da ba ɗan fannin ba zai saurari minti goma na farko ya faɗi inda ya ɓace. Laccar minti 35 ce, tambayoyi 25, mai kula da lokaci zai ɗaga kati idan saura minti biyar. Kowane adadi da aka ambata sai a faɗi inda aka samo shi da shekararsa. Kuma a tanadi mai lacca na biyu, domin sau ɗaya a bana baƙonmu ya samu uzuri a daren taro, dole muka ɗage.

Akwai naɗaɗɗun laccocin farkon shekara da sautinsu ke buƙatar tacewa kafin a saka su a intanet. Muna neman mambobi biyu da suka iya wannan aiki, da mutum ɗaya da zai riƙe kundin kalmomin da aka fassara. Mai sha'awa ya sanar da sakataren kwamiti kafin zama na gaba.