Godiya ga shagon gyaran kayan fatsa na bayan Bangala, Jidda

Assalamu alaikum. Na daɗe ina cewa sai na rubuta godiyar nan inda jama'a za su gani, yau dai Allah ya yi. Zuwa ga Baba Usta mai ɗan shagon kayan fatsa da ke bayan kasuwar kifi ta Bangala a nan Jidda, da yaron nan namu ɗan Maraɗi da ke taya shi aiki. Ƙanena kai za ka karanta masa, dan Allah ka fassara yadda na faɗa kar ka rage komai.

Ni ɗan Yawuri ne, a bakin ruwa na tashi, mamari da birgi ba wanda zai koya min. Amma fatsar zamani mai sanda da abin naɗe zare, wanda mutanen nan ke ce wa makina, sai da na zo ƙasar nan na fara riƙe ta. Na sayi tawa ta hannu a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik, Shimano ce, kamfanin Japan ɗin nan da ke yin giyar keke. Duk Juma'a bayan asuba ina bakin teku a Ubhur ina neman kifin sha'ur da hamur, kuma wata 7 cur ban wanke ta ba ko sau ɗaya, don mu a tafkin Kainji wa ke wanke kayan su, ai ruwan shi ne wankin. Ashe Bahar Maliya ba Kainji ba ce. Gishirinta ya kai kusan giram 40 a lita ɗaya, sauran tekuna kuwa wajen 35 ne, ga zafi ga ba kogin da ke zuba mata ruwan daɗi.

Sai makina ta fara ƙurr ƙurr kaman tsohon injin niƙa, hannun ya yi tauri. Ni da wayona na zauna tsakar ɗaki na kwance ta, na fesa mata WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa, har tana ɗiga, na bi da baƙin man mota, ina cikin haka wani ɗan sifirin da ke riƙe baka, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke naɗa zare, ya yi tsalle, wlh ko inda ya bi ban gani ba. A leda na kwaso muku ita gunduwa gunduwa.

Baba Usta, abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne ba ka ce in ajiye in dawo jibi ba. Ka jawo min kujera ka ce zauna ka gani. Ka ɗauko kiret ɗin ƙwai babu komai ciki, duk abin da ka cire sai ka sa shi a raminsa bi da bi, ka ce in dinga ɗaukar hoto da waya kafin in kwance kowane noti. Ka ciro boris guda biyu ka ɗora min a tafin hannu, sun yi ja da tsatsa, ka murza ɗaya kusa da kunnena na ji yashi na ƙara a ciki. A nan na gane WD-40 ɗin nan da nake ji da shi wanke giris ya yi ya bar haƙoran giya tsirara.

Karatun da na taso da shi ranar har yau yana kaina. Giris na haƙoran giya ne, shi ma shafi kaɗan da ɗan buroshi, in ya yi yawa hannu zai yi nauyi. Mai kuma na boris ne da ƙaramar tayar nan da zare ke bi ta kanta, ɗigo ɗaya ya isa. Borisin da ke hana hannu komawa baya kuwa ka ce kar in kuskura in cika masa giris, sai ya dinga suɓucewa daidai lokacin da kifi ya ja. Wanki kuma, in na dawo daga teku in ɗaure birkin zare tam, in yayyafa ruwan famfo a hankali, ba tsomawa a bokiti ba tiyo mai ƙarfi don tura gishirin ciki zai yi, in goge da tsumma ta sha iska a inuwa sannan in sassauta birkin kafin in ajiye saboda kar wasoshin ciki su danne su lalace.

Gaskiya har na ce wa ƙanen nawa ɗan Maraɗi, wannan tsoho ai kasuwarsa yake kashewa, duk wanda ya koya wa haka yaushe zai sake kawo gyara? Dariya kawai ya yi, shi da dama tun shigowata da leda yake ƙunshe dariya, na gan ka ai.

Kuɗin boris biyu da sabon sifirin kawai aka karɓa a hannuna, awa ɗaya da rabi da aka yi ana koya min ko halala, wato kwabon Saudiyya, ba a caje ni ba, har da ɗan kwalbar mai kyauta. Yanzu ni ke yi wa tawa sabis a gida, na yi wa ta maƙwabcina ɗan Sudan ma tana juyawa sumul. Allah ya saka da alheri Baba, ya ƙara lafiya da kasuwa mai albarka. In na dawo hutu daga gida akwai kilishinku.

Af, sifirin ɗin nan da ya ɓata, uwargida ta tsince shi makon jiya a ƙarƙashin firji, zan kawo muku shi ko wani zai buƙata.