Wasiƙa zuwa Jidda: kan maganar ɗanmu da aikin jami'a

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Hajiya, yaya zafin Jidda? Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, amma kasuwa ba ta san da haka ba, kwanon wake har yanzu yana nan inda ka bar shi, in ma bai ƙara ba.

Na karanta saƙonka kan ɗanmu. Ka ce sashen da ya gama sun kira shi ya zo ya fara a matsayin ƙaramin malami tunda ya fita da sakamako mafi daraja a fannin noma, kai kuma ka fi son ya zo wajenka ya koyi kasuwa. Ka nemi in gaya maka gaskiyar aikin nan ba tare da na shafa mata mai ba. To, ga ta.

Matakalar doguwa ce. Mai digiri ɗaya daga can ƙasa yake farawa, yana taya manya gyaran takardun jarrabawa da kula da ɗalibai a ɗakin gwaji, yana kuma karatun digiri na biyu. In ya gama sai ya zama mataimakin lakcara, daga nan lakcara mai daraja ta biyu, sai ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sannan farfesa. A mafi yawan jami'o'inmu shekara uku ake yi tsakanin mataki da mataki, in komai ya tafi daidai ke nan, kuma ba a kai wa babban lakcara sai da digirin digirgir. Matakai biyun ƙarshe kuwa ba a gida ake yanke su ba. Ana tattara duk abin da mutum ya wallafa a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su auna, shi kuwa bai san su wane ne ba, sai dai ya yi ta jira, wani lokaci fiye da shekara. Wanda ya kai farfesa yana iya aiki har ya cika shekara 70, bisa dokar da aka sa wa hannu a 2012.

Batun kuɗi kuwa, ba sai na ja ka da nisa ba. Kana nan aka yi yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020, wanda ya ci wata tara, kana can kuma aka yi na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, aka riƙe albashin watannin. Na ga manyan malamai suna sayar da mota. Idan arziki ɗanmu yake nema, shagonka ya fi ajinmu, kuma in ya tambaye ni haka zan gaya masa.

Abin da ya sa ban ce maka ka hana shi ba shi ne fannin da ya karanta. Ka tuna lokacin da muke yara ana ba mu labarin dalar gyaɗa? Cikin abubuwan da suka karya noman gyaɗa a arewa har da cutar kuturtar gyaɗa da ta ɓarke a 1975, bayan farin da aka sha a shekarun da suka gabace ta. Irin da manoma ke shukawa yanzu mai jure wannan cuta, wanda ake kira SAMNUT, daga hannun malaman Samaru ya fito, wato cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Tashar binciken ma ta girmi jami'ar da shekara 40, domin tun 1922 take, jami'ar kuwa sai 1962. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, na masara ne ko na dawa ko na auduga, to shekarun wasu mutane ne a cikin rana da laka, suna barbarar tsiro da hannu, suna auna zangarniya, suna rubutawa. Kajin ƙwai da ake kira ShikaBrown ma haka, daga cibiyar binciken dabbobi ta Shika suke.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na wake. Akwai tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, masana na kiranta Maruka, wadda kan sa manomi ya yi feshi sau shida ko takwas a damina guda, in bai yi ba ya tashi a tutar babu. Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa a Samaru sun shafe kimanin shekara goma suna gwaji a kan waken da aka sanya wa ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar, har aka sake shi ga manoma a ƙarshen 2019 da sunan SAMPEA 20-T, wanda feshi biyu ke isarsa. Akwai masu adawa da irin da aka sauya wa halitta, kuma muhawarar ba ta mutu ba, har a tsakaninmu malamai. Amma ko wane ɓangare mutum yake, dole ya yarda cewa aiki ne na wanda ya kama matsala ɗaya ta manomin ƙasarsa ya ƙi saki.

Nan ne fa damuwata take. Tsarin ƙarin girma ƙirga maƙaloli yake yi, kwamiti ya ce kaza ake so a wannan mataki, kaza a na gaba. Shi ya sa za ka ga matashi bana ya rubuta kan takin zamani, baɗi kan kasuwar tumatir, wata shekara kan sauyin yanayi saboda nan ne ake ba da tallafi. Mutum biyar su haɗu, kowa ya rubuta ɗaya ya sa sunan sauran huɗun, a tashi kowa yana da biyar. Ga kuma mujallun intanet na bogi, ka biya dala yau, jibi a buga maka ba wanda ya duba. Jami'o'i sun fara farga, yanzu da yawa suna neman a ga mujallar a jerin Scopus, wato rumbun mujallun bincike na duniya da aka tantance, sai dai su ma masu kyaun kuɗin bugawarsu na iya cinye albashin wata da watanni. Mutum yana iya bin wannan hanya har ya zama farfesa, amma ka tambayi ɗalibansa a kan me ya shahara, su yi ta kallon juna.

Waɗanda muke ambato da girmamawa ba haka suka yi ba. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, da ya rasu a 2005, tarihin Katsina ya tona tun daga tushe, kuma ɗalibin masanin tarihi Abdullahi Smith ne, mutumin da ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya koya wa ɗalibansa su koma ga rubuce-rubucen Larabci na malamanmu da bakin dattawa maimakon dogaro da rahoton Turawan mulki kaɗai. A Jami'ar Bayero, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekarunsa yana bin makaɗa da mawaƙan baka, yana taskace tarihinsu da waƙoƙinsu, abin da wasu a da suke ganin bai kai a kira shi ilimi ba. Za ka ce ai Farfesa Abdalla Uba Adamu ya sauya layi, daga ilimin koyar da kimiyya ya koma nazarin fina-finai da kafafen sadarwa na Hausa. Haka ne, amma da ya koma ɗin zama ya yi ya nutsa har ya sake zama farfesa a sabon fannin. Wannan daban yake da tsalle-tsallen da nake faɗa.

Saboda haka ga shawarata. Ka bar shi ya karɓi aikin, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ya duba wanda zai duba masa kundin bincike kafin ya duba sunan jami'a, domin malami mai gonar gwaji da ɗalibai a hannu ya fi mai babban ofis da ba a ganinsa sai a taro. Na biyu, kafin ya gama digiri na biyu ya zaɓi abu ɗaya da zai rayu da shi. Ƙudujin da ke shanye dawa da masara yana nan, asarar hatsi a rumbu tana nan, tumatirin Kadawa da ke ruɓewa a bakin titi duk shekara yana nan. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman jami'o'in gwamnati, yana kuma ba da tallafin bincike ga wanda ya iya rubuta buƙata mai ma'ana. Ba kowa ke samu ba, amma ana samu.

Kai kuma naka shi ne ka riƙe masa gida na 'yan shekarun farko, don albashin ƙaramin malami ba zai ɗauki haya da aure a lokaci guda ba. In ka ga abin bai yi ba bayan ya gama digiri na biyu, shago ba gudu zai yi ba.

Ka ce masa ya zo ya same ni ranar Asabar bayan la'asar, ya taho da kundin digirinsa na farko in gani. Ka gaida Hajiya da yara, in ka je Harami kuma kada ka manta da mu. Maganar dabinon nan ma tana nan, uwargida ta ce in tuna maka.

Wassalam.
Naka, amininka.