Ɗan jirgin Darjeeling da namu na Zariya zuwa Jos

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ina gaishe ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan tsofaffin jiragen ƙasa, don gaskiya abin ya jima yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A jihar West Bengal ta ƙasar Indiya akwai wani ɗan siririn layin dogo da aka buɗe tun 1881 zamanin mulkin Turawan Ingila, yanzu yana tashi daga New Jalpaiguri ya yi ta hawa tsaunuka har garin Darjeeling mai ganyen shayin nan, tafiyar wajen kilomita 88. Faɗin layin ƙafa biyu ne kacal. A 1999 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya, kuma har yau yana aiki, wasu kawunan jirgin ma sun haura shekara ɗari amma ana zuba musu kwal suna tashi.

A hutun ƙarshen shekara da ya wuce, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, mun je can da abokan karatuna muka hau na yawon buɗe ido, wanda ke tashi daga Darjeeling zuwa tashar Ghum ya dawo cikin kamar awa biyu. Wallahi Malam Edita sanyi ake zubawa kamar me, amma tasha cike take maƙil, iyaye da yara da tsofaffi kowa ya sha rigar sanyi da hular ulu, in ba ka sayi tikiti da wuri ba sai dai ka tsaya ka ɗaga musu hannu. Kuma tikitin tsohon mai hayaƙin ya fi na mai dizal tsada, duk da haka shi ake rububi.

Jirgin ba gudu yake ba, a gefen titin mota yake bi, yana ratsa ƙofar shagunan mutane har kana iya karanta kuɗin kayan da aka rataye, yana busa usur masu tafiya a ƙasa suna matsawa gefe. A can gaban kan jirgin akwai ma'aikata a zaune suna barbaɗa yashi a kan ƙarfen dogo da hannu saboda kar tayoyi su zame wajen hawa, ni dai na daɗe ina kallon hannayensu duk sun yi baƙi da kwal ga sanyi, amma aikinsu suke da zuciya ɗaya. Sai aka tsaya a Batasia, inda layin ya yi zagaye ya haye kan kansa, akwai lambu da wurin tunawa da sojojin Gorkha, 'yan wata ƙabila ta yankin, a tsakiya, ranar gari ya yi garau muka hango dutsen Kanchenjunga fari fat da ƙanƙara, shi ne na uku a tsayi a duniya. Masu shayi, masu hoto, masu ba da hayar kayan gargajiya a ɗauki hoto, duk nan suke samun na cefane. Ghum ɗin ma, mai tsayin mita 2,258, akwai ɗan gidan tarihin jirgin a tashar.

To abin da ya sa na rubuto shi ne, ai mu ma mun taɓa yin irinsa. Akwai ƙaramin layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi da ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya hau tudun Jos, ya isa can a 1914 saboda jigilar kuza, aka rufe shi a 1957. Yau ɗalibai nawa ne a Zariya suka san an ma yi shi? Ɗan abin da ya saura na kawunansa yana ajiye a wajen gidan tarihi na Jos. Wancan ya riga ya tafi, ba na cewa a dawo da shi, amma tsohon layin da ya iso Kano a 1911 da tsofaffin tashoshinsa da taragai suna nan, kuma kowa ya san yadda ɓarayin ƙarfe ke yi wa dogo ɗauki ɗai-ɗai.

Ina roƙon hukumar jiragen ƙasa da gwamnatocin Kano da Kaduna da Filato su zauna su zaɓi ɗan gajeren zango, ko Kano zuwa Zariya ne, a gyara tarago uku ko huɗu a yi musu fenti, a sa tsaro sosai, a riƙa fita da iyalai yawon Sallah ƙarama da babba da hutun Kirsimeti. A nemo tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka yi ritaya su riƙa ba yara labari a cikin tarago tun suna da rai da lafiya, a biya su haƙƙinsu. Masu kilishi da fura da dambun nama kuma a ba su wuri a tasha.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a Indiya