A daina sayar wa 'yan gwangwan tsofaffin kyamarori

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana a kan tsofaffin kyamarorin fim da ke kwance a gidaje da tsofaffin shagunan hoto na Zariya, daga cikin Birni zuwa Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru. Tun da waya ta karɓe ɗaukar hoto aka tura su ƙasan akwati, wasu kuma aka miƙa wa 'yan gwangwan a kuɗin ƙarfe. Da yawansu lafiyarsu ƙalau. Ajiya ce ke kashe su, ba tsufa ba, domin man da ke cikin injin daskarewa yake yi idan aka shekara ba a taɓa ta ba.

Wanda zai fara, ya nemi wadda ke aiki da zallar ƙarfe da sifirin. Pentax K1000, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1997, tana ɗaukar hoto ko babu batir, don batirinta ɗaya tak, LR44, na ma'aunin haske ne kawai. Haka Yashica FX-3 da Nikon FM2, su ma suna ɗaukar hoto ko babu batir. Zenit-E ta Tarayyar Sobiyet nauyi gare ta kamar dutsen niƙa, kuma saurin buɗewa da rufewar labulenta, wanda ke barin haske ya faɗa kan fim, bai wuce 1/500 na daƙiƙa ba, amma gilashinta Helios 58mm yana fitar da fuska da kyau. Canon AE-1 ta 1976 kyakkyawa ce, sai dai idan babu batir mai bolt 6, wato 4LR44, ko motsi ba ta yi, kuma in wayoyin cikinta suka lalace samun mai gyara aiki ne. Mu dai ba ma ba sabon shiga shawarar ya fara da ita.

Kada a biya kuɗi sai an buɗe bayanta, a yawancinsu ta hanyar jan abin naɗe fim sama. A ɗaga ta wajen haske, a ja hannun tura fim gaba, a danna a kowane sauri. A 1/1000 ƙiftawa ɗaya za a gani. A daƙiƙa ɗaya kuwa, labulen ciki ya buɗe, a ji ƙarar injin tana tafiya sumul, sannan ya rufe. In ya tsaya a tsakiya ko ya yi ta jan ƙafa, mai ya bushe. Nan ne mutane ke ɓarna, su ɗiga man keken ɗinki. Man yana malala zuwa labule da ganyayyakin ƙofar haske, su manne, ƙura ta zo ta zauna a kai. Gara a yi ta dannawa sau hamsin ko ɗari, sau da yawa tana warwarewa da kanta. Labulen kuma ba a taɓa shi da yatsa.

Sai a duba gefen ƙofar baya da wajen da madubi ke bugawa. Akwai siririn baƙin soso da ke tare haske, wanda bayan shekaru yake narkewa ya koma kamar kwalta. Shi ne ke jawo jan tabo ko ruwan lemo a gefen hoto mai kala, ko farin zane a baƙi da fari. Gyaransa ba wuya. A kankare da tsinken sakace, a goge da auduga da sifirit, a manna sabon soso mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5. In babu, baƙin zaren saƙa da aka tura cikin kwarin ƙofar yana yin aikin. A leƙa ramin batir ma. Farin gari ko kore alama ce batir ya zube a ciki, kuma in ya ci wayar, ma'aunin haske ya tafi.

Gilashi kuwa a cire shi, a haska tocilar waya ta baya. 'Yar ƙura ba ta hana hoto. Abin gudu shi ne zane-zane kamar yanar gizo-gizo, wato fumfuna, wadda in ta daɗe tana cin fuskar gilashin har abada. Daminar Zariya, musamman watan Agusta, ita ce lokacinta, kuma jakar fatar nan da ake ganin tana kare kyamara ita ce ke riƙe danshin. A fitar da ita daga jakar, a sa ta a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi. Da hunturu kuma kada a goge gilashi da bakin riga. Ƙurar hunturu yashi ce, tana karcewa. A fara hure ta da robar hura iska.

Fim mai 35mm yana ba da hoto 24 ko 36. Zafi ne maƙiyinsa, don haka a ajiye shi a firij cikin robarsa, a fito da shi awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe, don kada raɓa ta kwanta masa. Wanda ya wuce wa'adinsa, ana ƙara masa haske mataki ɗaya, wato a ninka hasken sau biyu, a kan kowace shekara 10. Bayan an sa fim an rufe, a lura da abin naɗewa na hagu. In ba ya juyawa lokacin da ake jan hannun, fim bai kama ba, mutum zai gama bikin Sallah kaf yana ɗaukar iska. In fim ya ƙare kuma, sai an danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamara kafin a naɗe, in ba haka ba ya yage.

Ko ma'aunin haske ya mutu ana aiki. A rana tsaka, da fim mai ISO 400, wato lambar ƙarfin kama haskensa, a sa ƙofar hasken gilashi a f/16, sauri kuma 1/500. In hazo ya rufe gari, f/11. A inuwar bishiya ko bakin zaure, f/5.6. Dawakin hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau, idan sun taso da gudu, suna son 1/500 ko 1/1000, kuma a riga a saita nisa a wurin da za su biyo, domin ba za su jira kowa ba. Akwai wani abu da ma'auni ke yaudarar mutane da shi a nan ƙasar. Farar babbar riga da rawani suna sa ya ɗauka haske ya yi yawa, sai fuskar mai rigar ta fito baƙi ƙirin. A ƙara buɗewa mataki ɗaya ko biyu, ko a matsa kusa a auna a kan fuskar. A cikin ɗaki kada a sauka ƙasa da 1/60 in da hannu ake riƙe, hoto zai girgiza.

Babbar tambaya ita ce wanki. Fim mai kala yana son magungunan C-41 a zafin digiri 38 daidai, kuma masu injinsa sun yi wuya yanzu. Baƙi da fari kuwa, irin Ilford HP5 Plus ko Kodak Tri-X, ana wanke shi a gida da ɗan tanki na Paterson, ma'aunin zafi, sirinji, da magani biyu. Na farko mai fito da hoto. Muna fifita Rodinal saboda ruwa ne mai ƙarfi da ke shekaru bai lalace ba. Mililita 6 a cikin ruwa mililita 300 ya isa fim ɗaya, kuma HP5 yana ɗaukar minti 11 a digiri 20. Ana jujjuya tankin daƙiƙa 30 da farko, sannan daƙiƙa 10 a kowane minti. A zubar, a ɗauraye da ruwa minti ɗaya, a zuba na biyu mai kafe hoto, mililita 60 cikin ruwa 240, minti 5. Daga nan a cika tanki da ruwa a kifa sau 5 a zubar, sai sau 10, sai sau 20.

Digiri 20 ɗin nan ne matsala a Zariya. Da bazara ruwan tankin sama ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma ruwa mai zafi yana sa hoto ya ƙone ya yi tsakuwa-tsakuwa. A sanyaya da ƙanƙara, ko a ɗebo na randa da asuba a auna. In ya tsaya a 24, a rage lokaci zuwa kusan minti 8. Duk ruwan da zai shiga tankin zafinsu ya zama kusan ɗaya, don in aka tashi daga sanyi zuwa ɗumi kwatsam fuskar fim tana iya tsattsagewa. Disamba da Janairu ne suka fi sauƙin wannan aiki.

Ana naɗa fim a kan ƙwaryar tanki, wato abin naɗin da ke cikinsa, cikin duhu ƙirin. Jan fitila na takardar hoto ne, fim kam yana ɓata shi. A zauna minti 5 a ɗakin, in ana ganin tafin hannu to duhun bai isa ba. Ƙwaryar ta bushe sarai, domin gumin hannu kaɗai yana sa fim ya maƙale a rabi.

Fim ɗin da kansa yana faɗin inda aka yi kuskure. In ya fito fari tas amma rubutun kamfani na nan a gefe, laifin kyamara ne ko fim bai kama ba. In babu ko rubutun, magani ya mutu ko an fara zuba na biyu. In ya yi kamar madara, a mayar da shi cikin na biyu. A shanya shi a banɗaki bayan an yayyafa ruwa a ƙasa, a kashe fanka, a rufe ƙofa awa 2 ko 3, saboda ƙurar da ta manne wa jiƙaƙƙen fim ba ta fita. Tsohon maganin kafe hoto yana ɗauke da azurfa, kada a zubar da shi kusa da rijiya.

Wassalam.

Daga wasu masu sha'awar ɗaukar hoto da fim,
Sabon Gari, Zariya.